Ranar da Malam Hambali Ya Ɓoye Yara Tara

Akwai kunyar da ado ce, akwai kuma kunyar da girman kai ne ya yafa mayafi. Ta biyun nan ita ce laifin Malam Hambali, ita ce kuma ta cinye shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi kuwa ranar wankan ya zaɓa ya ɓoye, kuma ba nasa kaɗai ya ɓoye ba, har da na 'ya'yan mutane.

Garinmu Kwarin Ɗinya yana cikin mazaɓar Kara, ƙasar Gwarzo. Malam Hambali shi ne mai makarantar Islamiyya, shi ne kuma shugaban kwamitin makarantar firamare, don ba a kafa kwamiti a garin nan a tsallake rawaninsa. Gidansu gidan hadda ne tun kakan kakansa. Yakan ce kunnen gidansu ba ya zubar da wasali, kuma ba ƙarya yake ba. Na sha ganin yana alwala a bayan zaure, yaro ya karya karatu can cikin aji, ya gyara masa ba tare da ya ɗago kai ba. Ni Balarabe katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara arba'in, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Yana da jika, Mansura, 'yar ɗansa Lukuman. Tana shekara uku sanƙarau ya ratsa ƙasarmu da bazara. Ya ɗauki yara huɗu ya kai kabari, waɗansu kuma ya bar musu rai ya tafi da jinsu. Mansura tana cikin waɗanda aka bari. Ta tashi daga jinya da ido garau, amma ko turmi aka kifar a bayanta ba ta waiwaye.

Malam yana son yarinyar nan, kada wani ya ce ba ya so. Amaryata yake ce mata, ya ɗora ta a cinya ya ɓare mata gyaɗa. Sai dai bakinsa bai taɓa furta kalmar kurma a kanta ba. In an yi zancen sai ya ce, "Tana ji, miskilanci ne irin na amare." Ya yi mata rubutu ya wanke ta sha, ya tofa a man zaitun aka ɗiga mata. Har a gaban jama'a ya ce kafin Maulidi za ta amsa sallama. Maulidi biyar suka wuce.

Mansura ta kai shekara takwas tana zaune a gida. An kai ta firamare sau ɗaya, ta yi mako biyu tana kallon bakin malami yana motsi, yara suna jifanta da ƙwallon goruba ta baya don su ga ba za ta juyo ba. Uwarta Naja'atu ta ɗauko ta.

Naja'atu 'yar Gammo ce ta ƙasar Kabo, kuma tana da gwaggo a can, Hajaratu. Matar nan ba ta yi boko ba, sana'arta ɗinkin hula. Ɗanta na fari kurma ne. Shekara huɗu ta yi tana zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta fito da allura da zare ta zauna. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Duk wanda ya fito ta gaishe shi ta tambayi labarin takardar ɗanta. Da haka ta samo wa Gammo malami mai koyarwa da hannu. Tun daga nan iyayen da ke da yaro irin nata ita suke nema, ta shige musu gaba.

Ranar da ta zo gaishe da Malam ina zauren. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya ɗalibai, ya haƙuri da mu?"

"Lafiya lau, Hajara. An ce yanzu ke ce lauyan kurame."

"Lauya yana da kwat, Malam. Ni tabarma gare ni. Hula sittin da uku na ɗinka a ƙofar ofis kafin su gaji da ganina."

Muka yi dariya, har shi. Sai ta buɗe jakarta ta bayyana abin da ya kawo ta. Ta ce bana ofishin ilimi na nan ƙasarmu ya sami malamin maganar hannu guda ɗaya tak. Za su zagaya garuruwan da suka nema, su ga yaran da idonsu, su rubuta wa kowane yaro takardarsa: me ke damunsa, me yake bukata, ina zai zauna a aji, wa zai koya masa. Garin da ya nuna yara takwas, shugaban kwamiti ya sa hannu, can za a ajiye malamin. In zagayen ya wuce, sai bayan shekara uku.

"Shekara uku ba komai ba ce a wurin mai furfura," in ji ta. "A wurin 'yar shekara takwas kuwa ita ce ƙofar gaba ɗaya. 'Yar sha ɗaya ba ta zama aji ɗaya da 'yan shida, ko an ce ta zauna ba za ta zauna ba."

"Wace 'yar shekara takwas?"

Hajaratu ta dubi tabarma. "Amaryarka, Malam."

Malam ya ja carbi har ya zagayo, sannan ya ce, "Ki je ki yi aikinki. Allah ya taimaka."

Ita ta ɗauki wannan a matsayin izini. Ni da na san shi, ban ɗauka haka ba. Mutumin da zai yarda yakan yi gardama tukuna.

Wata biyu ta yi tana bin gidaje, cikin gari da rugagen da ke kewaye. Ba aiki ne mai sauƙi ba. Wani gidan a ce mata babu, alhali tana hango yaron a bayan rumbu. Wani gidan a ce za a ɓata wa yayyensa aure. Sai ta zauna ta karɓi tsinken gyaɗa ta taya matar gida aiki, ta ba da labarin ɗanta wanda yanzu yake ɗinki a Kabo yana rubuta awon mutane da hannunsa. Ta koma sau uku, sau huɗu. A ƙarshe ta haɗa suna tara. Cikinsu akwai Mansura, akwai Zainulabidin jikan Altine mai awon hatsi, wanda shi ma ɗan kwamiti ne kamar ni. Lukuman ya rubuta mata wasiƙa, ta kai ofis da ƙafarta, aka sa rana: Talata, cikin kaka, ana tsakar cirar gyaɗa.

A cikin kwanakin nan ne na lura da wani abu. Ina gyaran danga da la'asar, ina jin karatun yara ta kan katanga. Wani yaro yana biya Tabbat yada, ya tsallake aya ɗungurungum. Ni da karatuna bai wuce na salla ba na ji. Na tsaya ina jiran tsawar Malam. Ba ta zo ba. Na leƙa, ga shi zaune a kan buzunsa, ya karkato kunnen dama wajen yaron yana gyaɗa kai. Ban gaya wa kowa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ana gobe baƙi za su zo, Hajaratu ta ce za ta tara yaran da iyayensu mata a gindin darbejiyar firamare, inda mota za ta tsaya. Malam ya ce a'a.

"Ba za a baje 'ya'yan mutane a fili kamar kayan koli ba. Ki kai su ajin Islamiyya na bayan gari, akwai inuwa akwai randa. Baƙo kuma a zaure ake karɓarsa, ya sha ruwa ya ci abinci, sannan a kai shi inda zai yi aiki. Ko a Gammo ba haka kuke yi ba?"

"Haka muke yi, Malam."

Maganar tana da kyau a kunne, kuma haka al'ada take. Matar da ta gagari ofis shekara huɗu, ladabi ya kayar da ita cikin numfashi ɗaya. Ajin nan na bayan gari yana can ƙarshen gonar Malam, dawa ta rufe shi, ba a hango hanya daga cikinsa.

Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam. Mutum uku ne, babbansu wani Malam Ikrima, mai sanyin magana, da jaka a hammata. Mu dattawan kwamiti shida, har da Malam, muna zaure. Aka gaisa aka sake gaisawa, aka kawo fura da nono, aka kawo dambu da zogale. Da suka wanke hannu, Malam Ikrima ya zaro takarda.

"Allah gafarta Malam, muna da suna tara a nan. In ba damuwa a kai mu mu gansu, don akwai gari biyu a gabanmu kafin azahar."

Malam ya gyara zama. "Wa ya kawo muku sunayen?"

"Wata baiwar Allah, Hajaratu."

"'Yar ina ce?"

Malam Ikrima ya duba takarda. "An rubuta Gammo."

"To, ka ji. Ko ƙaramar hukumarmu ba ɗaya ba. Baƙo raɓa ne, ɗana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar nan tana da kirki, amma tun da ta sami abin da ta samu, duk yaron da aka kira bai amsa ba kurma ne a wurinta. Yaranmu ƙiriniya ce da miskilanci. Akwai ɗaya ko biyu da zazzaɓi ya taɓa, muna yi musu addu'a, suna samun sauƙi."

"Ko da haka ne, da mun gansu..."

"Kaka ce. Suna gona. Ko in aika a tattaro muku su daga rugage, ku kwana?"

Malam Ikrima ya dubi agogo, ya dubi abokansa. Sai Malam ya juyo gare mu, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ga dattawan gari. Cikinku akwai wanda ya san kurma a Kwarin Ɗinya?"

A garin nan ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Da shi muka tashi, da shi aka yaye mu. Na dubi Altine, wanda jikansa yake zaune a bayan dawa da sabuwar riga tun safe. Altine ya dubi ƙoƙon fura. Leɓensa ya motsa, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Shiru ma magana ce, kuma ranar nan mu biyar mun yi ƙarya da baki a rufe. Wannan kason nawa ne, ina ɗauke da shi.

Aka miƙa wa Malam takarda, ya sa hannu da ajami a ƙarƙashin inda aka rubuta babu. Ya raka su har mota, ya sa aka zuba musu gyaɗa a buhu, ya nuna wa direba hanyar gabas, wai ta fi kyau. Hanyar yamma ita ce ke bi ta gefen ajin.

Matan sun ji tashin mota daga nesa. Yaran tara ba su ji komai ba, suna zaune a jere a kan benci kamar yadda aka zaunar da su. An ce Hajaratu ta yar da mayafi ta ratsa cikin dawa da gudu, mace mai shekara sittin. Ƙurar motar kawai ta tarar.

Ta zo zaure ƙafarta duk ƙaya. Wannan karon ba ta durƙusa ba, ba ta kuma yi sallama mai tsawo ba.

"Malam, me ka gaya musu?"

"Abin da zai rufa wa garin nan asiri."

"Asirin wa? Yaran suna can, kowa ya san su, har awaki sun san su."

"Abin da babba ya hango, Hajara, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Takardar hukuma ba ta mutuwa. Yau a rubuta gidan Hambali akwai kurma, jikokin jikokina za su tarar da ita."

"Da a rubuta ta tana karatu, da a bar ta ba a rubuta ba tana zaune kamar turmi, wanne ne abin kunya?" Ta juyo gare mu. "Ku kuma, sannunku da cin dambu."

Ta sa kai za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ba na baki, Malam, ban iya ba. Amma alhaki kwikwiyo ne. Ya san gidan mai shi."

Washegari ta tafi ofis da tabarmarta. Suka karɓe ta da mutunci, suka nuna mata sa hannun shugaban kwamiti. Malamin maganar hannu kuwa an riga an ba wani gari da ya fito da yaransa goma fili, har da wanda aka goyo. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya ce ba ya ciwo ba a ɗura masa magani.

Bayan kwana tara Lukuman ya sami ubansa da safe, ina wurin, don shi ya roƙe ni in zauna. Yaron nan bai taɓa haɗa ido da ubansa ba, ranar ma bai haɗa ba.

"Baba, zan kai Mansura Gammo. Gwaggo ta yi magana, za su karɓe ta in uban yana zaune a garin."

"Me ka ce?"

Lukuman ya ɗaga murya kaɗan ya maimaita.

"Uban yana zaune a garin. Wato kai."

"Ni da uwarta da ƙannenta, Baba."

"Ajin manya fa? Wa zai riƙe mini? Kai na shirya wa buzun nan."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini. Ranar nan ta sa rigar salla tun asuba, ta zauna a benci har azahar. Da muka dawo ta kama hannuna tana tambayata da ido. Ban san yadda zan gaya mata ba. Shekara biyar ina uban yarinya ban iya gaya mata komai ba."

Malam ya ce in ya fita kada ya dawo. Lukuman ya ce zai riƙa dawowa ko an kore shi. Suka tafi ranar Asabar a motar ɗaukar gyaɗa. Mansura ta zo ta rungume ƙafar kakanta, shi kuwa ya kafe ido a kan Alƙur'anin da ke gabansa, bai buɗe shafi ba.

Daga nan abin ya riƙa zuwa a hankali, kamar gara a cikin azara. Kunnen hagu ya riga ya tafi tun ba mu sani ba. Na dama ya bi shi cikin damina biyu. Ya sha rubutun kansa, ya ɗiga man zaitun. Lukuman ya zo ya kai shi asibiti a Kano, likita ya ce tsufa ne da gado na jijiya, abin sawa a kunne ma ba zai yi wani amfani ba. Malam ya hana a faɗa. Ya ci gaba da zama a buzu yana gyaɗa kai, yara suna karanta abin da suka ga dama. Da suka gane sai suka fara saka waƙar gaɗa a tsakiyar sura don su ga ko zai motsa. Bai motsa ba. Wani uba ya zo wucewa ya ji. Kafin wata ya ƙare an kwashe yaran an kai wa wani malami a Unguwar Tudu. Malamin hadda da kunne yake ci, kamar yadda maƙeri yake ci da wuta.

Kwamiti kuwa Altine ne ya miƙe a taron iyaye, ya faɗi abin da ya faru a zaure daga farko har ƙarshe, bai cire kansa ba. Aka zaɓi wani shugaba. Malam yana zaune a sahun gaba yana murmushi, bai san an sauke shi ba sai da aka rubuta masa a allo.

Da shekara uku ta cika baƙin suka dawo. Hajaratu ta tara yaran a gindin darbejiya, ta zauna a kan hanya da kanta. An sami takwas da ƙyar, da sababbi ƙanana, aka ba mu malami. Amma cikin taran farko huɗu sun wuce shekarun shiga aji. Zainulabidin ya zama saurayi, ya ƙi shiga aji da ƙannensa, yana bin shanun mutane har yau, bai san harafi ɗaya ba.

Da babbar sallar bara Lukuman ya kawo iyalinsa. Na shiga gaisuwa na tarar da su a zaure. Mansura ta yi tsawo. Ta durƙusa gaban kakanta, hannuwanta suna tashi suna sauka, fuskarta tana dariya, ubanta da uwarta suna mayar mata da nasu hannuwan, har ƙaramin ƙaninta yana sa baki da 'yan yatsu. Kowa a gidan nan yana hira, ban da mutum ɗaya. Da ta ga bai gane ba sai ta zaro littafi ta yi rubutu ta miƙa masa. Ya karɓa ya juya shi sama ya juya shi ƙasa. Boko ne, shi kuwa ajami kaɗai ya sani. Ya miƙo mini, ni ma ban iya ba. Lukuman ya karanta da ƙarfi a saitin kunnensa, wai ta ce ango ya tsufa, amarya ta zo biko ba a ba ta goro ba. Malam ya dubi bakin ɗansa yana motsi, irin kallon da yarinyar ta yi wa malamin firamare mako biyu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Amin, amin."

Ga abin da Malam Hambali ya rasa, don kada a ce ban ƙirga ba. Kunne biyu, waɗannan na Allah ne, Shi ya bayar Shi ya karɓa. Sauran shi ya zubar da hannunsa: ɗalibai saba'in da huɗu, ba ko ɗaya a ajin bayan gari sai tattabaru; kujerar kwamiti ta shekara goma sha tara; ɗa guda da ya shirya wa buzu, da jikoki uku da ke girma a ƙasar Kabo; hadda ta kaka biyar da ta tsaya a kansa. Da malamin maganar hannu ya zauna a garinmu tun zuwan farko, da shekara uku ke nan ana magana da hannu a tsakar gidansa, da ya tsinci abin da zai ji amaryarsa da shi. Wannan ma ya rasa. Sunan gidan da ya ɓoye yara tara don ya tsare, yanzu in baƙo ya tambayi hanya, cewa ake ya bi ta ƙofar gidan Malam kurma.